Farin Garin Yaya

Yayata ta daɗe da aure a Kornaka ba ta taɓa ko ɓari ba. Al'adarta ma sai ta ga dama take zuwa, a ci kaka a shiga rani ba ta yi fashin salla ba. Da mijinta zai tafi ci-rani ya kai ta Maraɗi aka yi mata eko, hoton ciki, likita ya ce ƙwanta ne ba ya nuna a kan kari. Ya rubuta mata wani farin gari mai suna inozitol, cikin 'yan ƙananan ledoji, a kaɗa a ruwa a sha safe da yamma har watanni, ba tsallake. Bai yi mata alkawarin ɗa ba, ya ce dai yana iya daidaita al'adar. Mijin ya sayo kwalayen a farmasi, ya sauke ta gidanmu a Dakoro don ta shanye kafin ya dawo da damina.

Ina kwaleji lokacin, kuma ba ni da baki. In mata sun cika tsakar gida sai in rakuɓe gindin itacen bedi da littafina, ina kallonsu ta saman shafi.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta fara yage leda ta lasa. Ta taɓe baki.

"Wanga ai sukari ne da bai ƙosa ba. Maganin da ba ɗaci ba bauri, mi zai kora?"

Wannan Gwaggon ce ta shekara tana ɗura wa Yaya jiƙon saiwoyi har hanjinta ya kusa tsinkewa, ba a kori komai ba sai ƙibar Yaya. Amma ita ce kuma ta je gidan suna ta baza cewa an kawo mana garin haihuwa daga Maraɗi. Washegari sallama ta fara yawa.

Maƙwabciyarmu ta zo nema wa 'yarta, wadda lallen aurenta bai gama fita daga farce ba. Wata daga Birnin Lalle ta zo da goyo a baya, tana son na gaba ya zo namiji. Wata tsohuwa da jikokinta suka yi aure ta ce a sam mata ko zai taɓa ciwon ƙugu. Duk sai sun fara kushe shi tukuna, sannan su miƙo hannu.

Ba wadda ta roƙi Yaya. Inna suke roƙo, kuma a gaban jama'a, don sun san inda ƙafarta take a ɗaure. Yaya ce 'yar farinta. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tsaya masa a idon mutane, ko zazzaɓi yake yi sai ta kau da kai wata ta duba shi. Inna "waccan" take ce mata. Da ta hana leda ɗaya, da gari ya ɗauka cewa ta zubar da kunya saboda 'yar fari.

"Ke da ba ɗiyarki ba ce, mi naki na rowa?" in ji Gwaggo, tana dariya.

"Ni ina ruwana da waccan? Ku ɗiba," in ji Inna.

Suka kuwa ɗiba. Gwaggo ta soke nata a bakin zane, daga baya na gan ta tana barbaɗa wa tunkiyarta a dusa, wai ta tsallake haihuwa bara.

Ranar da kwali na farko ya koma fanko, Yaya ta durƙusa a bakin ɗakin Inna, murya ƙasa ƙasa.

"Inna, likita ya ce kar in tsallake. In haka aka ci gaba ba zai kai ni damina ba."

Inna ba ta dube ta ba. Ni ta duba.

"Ce wa waccan ta kawo sauran kwalayen in aje. Ta cika ƙorafi."

Yaya ta kawo, ta shige madafa, ta daɗe tana hura wutar da ta riga ta kama.

Daga nan Inna ta daina ba da leda. Ta ce baƙi sun yi yawa, sai dai a ƙulla wa kowa kaɗan a takarda. Sai na lura da abubuwa. Shinkafar da ake ɓoyo don baƙi tana raguwa, alhali ba mu ci ba. Rariyar laushi kullum da farar ƙura a jikinta. Da safe kafin in tafi makaranta, da kuma bayan la'asar, kofin roba yakan bayyana a kan katangar bayan ɗaki, rufe da faifai, ba wanda ya ce na wane ne. Yaya takan bi ta wurin kamar za ta ɗauko tsintsiya.

Matan kuwa suka dawo da shaida. Tsohuwar ta ce ƙugunta ya saki. Ta Birnin Lalle ta aiko a faɗa cewa tana jin ƙarfinsa har cikin ƙashi. Gwaggo ta lashi ƙullinta ta lumshe ido.

"Wanga ya fi na farko kyau. Ni na san magani in na ɗanɗana."

"Ai kin sani," in ji Inna, tana tsince wake.

Na sa littafi na rufe fuskata.

Zafi ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Wata rana aka kira azahar, kowa ya ɗauki buta, Yaya ta ci gaba da zama a tabarma tana tsifar kai. A watan da ya biyo ma haka, kusan a kwanakin. Na ga Inna ta tsaya da buta a hannu, ta dubi tabarmar, ta yi saurin mai da ido kan kaji.

Da ta sallame ta kira ni, ta miƙo mini kwalin ƙarshe da 'yan ledojin da suka rage, a naɗe cikin tsohon kallabi.

"Kai wa waccan tarkacenta," ta ce. "Sun cika mini ɗaki."