Magen da Aka Yi wa Feshi

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun dusashe a kaina, amma ranar da aka jiƙa magena da maganin feshin tumatir ba na jin zan manta da ita muddin ina raye.

Lokacin ina sakandare, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda kusan kowane gida yake da gona a bakin kanal ɗin ban ruwa. Ni yarinya ce marar magana, ko gaisuwata sai an matso ake ji. Abokiyar zamana wata mage ce mai ruwan toka, wadda na tsinta tana jaririya a ɗakin da Baba yake ajiye buhunan shinkafa. Ita ta raba littattafaina da ɓeraye, in kuma na baje karatu a tabarma, a jikin ƙafata take kwanciya.

Ciwon idonta ne ya fara kai mu asibitin dabbobi na Kura. Na sa ta a kwandon tumatir, na rufe da tsohon mayafi, na je na tarar da maza da shanunsu da ragunansu. Wani dattijo ya leƙa kwandon, ya tambaye ni ko ta layya nake kiwo, wuri ya kaure da dariya. Saura kaɗan in juya gida. Likitar, wata mata 'yar wajen Jos, ita ce ba ta yi dariya ba. Ta duba idon, ta duba kunne da haƙora, sannan ta ce kada in jira sai ciwo ya zo, in riƙa kawo ta allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki.

Haka na ci gaba da zuwa, a gida ana ta yi mini tsiya. Yayana, wanda shi yake yi wa Baba feshi a gona, yakan ce shi da yake noma ko ciwon kai ba ya ganin likita, amma mage tana da tata. A ɗaya daga cikin zuwan nan likitar ta ja kunnena a kan maganin gona. Ta ce mage da harshe take wanka, duk abin da ya taɓa gashinta sai ya shiga cikinta. In tsautsayi ya faru, a wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi, kada a ɗura mata komai, a zo da ita tare da kwalbar maganin. Da 'yar muryata na roƙe ta ta maimaita, ta kuwa maimaita ba ta gaji ba.

Ana tsakiyar noman rani ƙuma ta addabi magen, kullum tana susa. Ina jiran ranar Asabar in kai ta. Na dawo daga makaranta kenan na tarar da ita a gindin randa, gashinta a jiƙe, miyau yana dalala, jikinta yana karkarwa. Warin da ya cika tsakar gidan na san shi. Yaya yana tsaye da tankin feshinsa a baya.

“Taimakonki na yi,” in ji shi. “Shi muke sa wa tumaki in kaska ta dame su, kuma sai da na tsinka shi da ruwa.”

Na san ba da mugunta ya yi ba, haka ya taso ya ga ana yi. Umma kuwa har ta ɗauko manja a cokali, don a garinmu duk wanda ya sha guba manja ake fara ɗura masa. Ban taɓa musa wa Umma ba, amma ranar na riƙe hannunta.

“Umma, likita ta hana. Ki ba ni ruwan ɗumi da sabulu. Yaya, ɗauko kwalbar, ka tayar da babur.”

Su biyun suka tsaya suna kallona kamar baƙuwa, sannan kowa ya nufi abin da na ce. Na wanke ta na ƙara wankewa, tana yaƙushina ba ƙarfi, na naɗe ta a zanen Umma. Muka bi gefen kanal muna kauce wa motocin kwandunan tumatir, hannuna yana kan ƙirjinta ina jin bugun zuciyarta, ina addu'a kada ya tsaya.

Likitar ba ta ɓata lokacin tambayar wa ya yi ba. Kwalbar ta karɓa ta karanta, ta yi wa magen allura, ta sa mata ƙarin ruwa. Muka zauna a benci, Yaya ya kasa ɗaga kai. Bayan la'asar karkarwar ta lafa, magen ta buɗe ido ta yi wani siririn kuka.

“Ƙanwata, rabin aikin a gida kika yi shi,” in ji likitar. “Da ba ki wanke ta ba, da sai dai mu yi miki jaje.”

Daga nan ta juya kan Yaya, ta tambaye shi da me yake rufe hanci da hannu in yana feshi. Ya ce ba komai. Ta ce to ciwon kan nan nasa shi ma yana da dalili. Tun daga ranar bai ƙara shiga gona babu takunkumi da safar hannu ba.

Da lokacin rigakafi ya zagayo, Yaya ne ya ɗauki kwandon. Dattijon nan yana wurin, ya ce ashe ta layyar ta yi ƙiba. Yaya ya ce masa, “Baba, wannan ta fi ƙarfin layya, malamar gidanmu ce.”

Magen ta rayu har ta tsufa a hannuna. Har yau ina yi wa likitar nan addu'a, domin ta ɗauki tambayar yarinya mai kunya da muhimmanci. Abin da na koya shi ne, zuwan da ake yi ana lafiya shi yake ceto ranar da babu lafiya. Duk dariyar da na sha a bencin asibitin nan, ranar na ga amfaninta.