Hoton Inna Ba Kallabi

Da hannuna na saya masa salular, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a yankin Gidan Rumji, na bar Inna a Gangara tana fama da hawan jini. Taubashina, ɗan kawuna, shi ne a kusa da ita, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Tare muka yi kiwon awaki, tare aka sa mu lakol, shi ya gudu a aji uku, ni na daure. Ranar kasuwar Agiye na zaɓar masa babbar salula mai shafawa, na ce aikinta ɗaya ne: in riƙa jin muryar Inna.

Da fari ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Duk Juma'a zai kai mata, ta yi ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona, tana tambaya ko ina samun fura mai kyau. Shi kuma ya karɓe ya ce, "Bawana, a taƙaita, kuna cinye mini caji." In zage shi, mu yi dariya.

Sai aka buɗe gurup na ƴan garinmu a salula, har da masu ci-rani a Kano da Aljeriya. Nan taubashina ya sami sarauta. Saniyar wa ta haihu, ina aka yi ruwa, wa ya faɗi da babur, daga gare shi ake fara ji. In wani ya riga shi ba da labari, ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

A wajenmu ba a faɗa wa na nesa mutuwa kai tsaye. Cewa ake yi, "Jiki ya yi zafi, ka taho." Kai ma ka gane, amma kana tafe da ɗan guntun fata. A ƙofar gida wani dattijo zai tare ka, ya riƙe hannunka, ya zaunar da kai, sannan ya ce sai haƙuri. Ni ma an taɓa aikena na tari wasu haka.

Wata Talata ina rubutu a allo, salulata tana shago wurin caji, sai ga direktan makarantarmu a ƙofar aji. Matarsa ƴar garinmu ce, shi ya sa yake cikin gurup ɗin. Ya cire hula, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakol a wajenmu, ya ce, "Mushe, ashe haka Allah ya yi? Allah shi jiƙan Inna."

Na ce, "Innar wa?"

Ya ɗauka na sani. Da ya ga ban sani ba sai ya rikice, ya juyo mini fuskar salularsa. Inna ce kwance a tabarma, ba a ko lulluɓe ta ba. Baki a buɗe, zane ya zame daga kafaɗa, kai ba kallabi. Tun da ta haife ni ban taɓa ganin furfurarta a waje ba, sai ranar, a gaban yara, da alli a hannuna.

Kafin in iso an yi jana'iza. Ƙanin mahaifina yana jirana a ƙofar gida kamar yadda aka saba. Ya riƙe hannuna, ya ce, "Ka dai ji."

Bayan sadakar uku na ja taubashina bayan rumbu. Na yi zaton zai sunkuyar da kai.

"Mi na yi?" in ji shi. "Don a yi mata addu'a ne hwa. Duba ka gani, har daga Aljeriya an turo."

Ya shiga shafa salular yana nuna mini, fuskarsa har da ɗan alfahari. Wallahi da ya ce kuskure ne, da na yafe a nan take. Ya goge hoton a gabana, amma ya riga ya shiga aljihun kowa.

Har yau muna gaisawa, ban sake yarda ya ce mini bawa ba. Amana na ba shi, ya yi labari da ita.

Bara da sallah muka je gida. Ɗiyata, wadda tana goye aka yi rasuwar, tana wasa da salular gwaggonta, sai ta rugo wurina ta miƙo mini.

"Baba, an ce wannan ce kakata."

Na duba. Na ce mata a'a, ba ita ba ce.