Ranar da Muka Zaɓi Malamin Toranke

Malam ya rasu bayan an gama yankan dawa, a shekarar da na kai arba'in ko kusa da haka. Shi ya koya mini karatu, shi ya fara koya wa 'ya'yana. Da aka yi sadakar bakwai, liman ya aiko gida gida cewa ran Alhamis bayan la'asar za a zauna a kan maganar makaranta.

A Toranke a wancan zamani makarantar ba ta Malam kaɗai ba ce. Gidaje bakwai ne suka gina zauren, su ke yi masa yaɓe kafin damina, su ke fita gayya a gonar Malam. Saboda haka idan malami ya kau, masu gidajen nan bakwai ke zama su faɗi wanda zai hau buzunsa. Liman yakan zauna tare da su, amma nasa addu'a ce kawai. Ni na gaji wurin mahaifina, kuma ni ne ƙaraminsu. Sana'ata saƙa, da damina noma.

Mutum biyu ake magana a kansu. Na farko ɗan Malam na cikinsa, mutumin kirki, mai fara'a. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma daga nan ya bi fatake, ya fi sanin hanyar kanwa da jakuna fiye da allo. Na biyu shi ne wanda muke kira Alaramma. Uwarsa baiwa ce da aka kawo gidan Malam tana goye da shi, daga baya Malam ya 'yanta su duka biyu. Ya tashi a zauren, ya tafi gabas ya yi shekaru, ya dawo da hadda, har ya rubuta Alƙur'ani da ka. Tun da idon Malam ya yi rauni, shi ke biya wa yara, shi ke duba allo. Kowa ya san haka.

Bai roƙe ni komai ba. Ni na taka da ƙafata na same shi yana fiƙe alƙalami a gindin rumfa, na ce, "Alaramma, ran Alhamis ina tare da kai."

Ya ɗago ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Kada ka takura kanka."

Na ce, "Babu takura. Gaskiya ce."

Ran Laraba sarkin noma ya biyo ta inda nake saƙa. Yana cikin mu bakwai, kuma a lokacin babban ɗana yana neman 'yarsa, har an kai gaisuwa. Ya tsuguna, ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya yaba zaren da nake ja. Da zai tashi ya ce, "Gidan Malam bai kamata ya fita daga hannun jininsa ba. Mu da za mu zama surukai, ban so a ji bakinmu ya rabu a gaban mutane." Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai yi mini barazana ba. Na sha so a ce ya yi, don in sami wanda zan jingina wa laifin, amma bai yi ba.

Ran Alhamis muka zauna a zauren. Ana magana bisa girma, babba ya fara. Biyu na farko suka ce ɗan Malam. Na uku, wani tsohon marini, ya ce, "Ni dai jikokina nake dubawa. Wanda ya iya shi za a ba." Na huɗu ya bi shi. Sarkin noma ya ce ɗan Malam. Na shida ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce Alaramma. Uku da uku. Liman ya juyo ya ce, "Saura kai."

Da na ce ɗan Malam na yi shiru, da na ci amana kawai, kuma da wataƙila yanzu na manta. Amma tsohon marinin ya san na yi alkawari, yana kuwa kallona. Sai na ji ina bukatar dalili, dalilin da zai sa a ce ba tsoro ne ya juya ni ba. Na buɗe baki na ce, "Ilimi dai yana da shi, ba wanda ya musa. Amma ku duba, gobe baƙi za su zo daga Gaya su tambayi waye malaminku. Mu ce musu ɗan baiwar gidan ne? Wa ya san ubansa?"

Mutanen da suka zaɓi ɗan Malam ma ba wanda ya kawo wannan magana, duk sun bi ta gefenta. Sarkin noma ya sunkuyar da kai. Liman ya ce, "Subhanallahi," a hankali, sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa.

Da muka fito na ga Alaramma zaune a bayan zana, inda yakan zauna kullum yana haɗa tawada. Tsakaninsa da inda na zauna bai fi taku uku ba. Ya miƙe ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe ni kamar yadda ya gaida kowa, sannan ya je ya riƙe hannun ɗan Malam ya yi masa fatan alheri.

An yi bikin ɗana bayan salla. Na ci, na sha, an yi mini barka.

Ɗan Malam ya yi iya ƙoƙarinsa. Alaramma ya zauna a ƙarƙashinsa damina guda, yana gyara masa kuskure a ɓoye don kada yara su ji. Da kaka mutanen garin Balan suka aiko suna neman malami, suka kafa masa rumfa, ya ɗauki uwarsa da iyalinsa ya tafi. Bayan tafiyarsa karatu ya yi sanyi. Wata rana ɗan Malam ya tsaya a bakin masaƙata ya ce, "Yaya, kun ɗora mini abin da ba nawa ba. Da kun tambaye ni, da na gaya muku." Na sunkuya na ci gaba da saƙata. Bayan shekara biyu ya koma fatauci, aka ɗauko wani malami daga wajen Ajingi.

Sai da aka shekara biyar sannan na iya zuwa Balan. Na ce wa mutanen gida zan kai tufafi kasuwar Gaya, na kuwa ɗora su a jaki, amma na ratse. Na isa bayan azahar. Tun daga nesa na ji muryoyin masu karatu. Ya gan ni ya taso da sauri, ya karɓi igiyar jakin da kansa, ya shimfiɗa mini buzunsa. Aka kawo fura. Ya tambayi mutanen Toranke gida gida, har tsohon marinin, wanda ya riga ya rasu. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, amma sai na yi ta ɗaga ƙwarya ina ajiyewa, ina amsa tambayoyinsa kawai.

Muna nan sai ga uwarsa ta fito tana dogara sanda. Ta tsufa ƙwarai. Ta matso ta leƙa fuskata, ta tafa hannu ta ce, "Lale, lale! Ɗan nan, kai ne? Ina uwar yara? Ina mai sunan babanka?" Tana nufin babban ɗana. Ita ce ta karɓi haihuwarsa. A lokacin matata ta kwana biyu tana naƙuda, mata duk sun fid da rai, wannan tsohuwa ce ta zauna da ita har Allah ya sauke ta, ta kuma yi mata wankan jego kwana arba'in. Na san wannan sarai ranar da na yi magana a zaure.

Na ce, "Suna lafiya, Inna. Ya yi aure, har ya haihu."

Ta yi guɗa da 'yar muryarta, ta koma ciki, ta dawo da daddawa a ƙulle cikin ganye ta ce in kai wa matar ɗana. Na karɓa da hannu biyu. Ban iya kallonta ba.

Da zan tafi Alaramma ya raka ni har bayan gari. A nan na tsaya na ce, "Alaramma, maganar da na yi ranar nan..."

Ya ce, "Na ji ta."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya shafa wuyan jakin. Ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, ta yi mini ciwo. Na daɗe ina jin ta in na kwanta. Amma na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sai ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya nake roƙo. Ita ba ta sani ba. Na hana kowa gaya mata. Kada ka ce za ka nemi gafararta, don sai ka faɗa mata abin da ka ce."

Na ce to. Na ja jakina na kama hanya, ban shiga Gaya ba, na koma gida da tufafin yadda na ɗauro su. Matata ta tambayi inda na samo daddawa, na gaya mata. Ta yi murna, ta yi ta sa wa tsohuwar albarka.

Tsohuwar ta rasu da bazarar da ta biyo. Labari bai iso mu ba sai bayan kwana uku. Na je ta'aziyya tare da liman, na zauna a ƙarshen tabarma, na yi mata addu'a tare da jama'a. Ita ce wadda na fi zalunta a cikin maganar, kuma ita kaɗai ce ban taɓa ce wa ta yafe mini ba.