Kunnuwan Shanun Mokhethi

Mokhethi yana da shekara ashirin da uku ya sauko daga duwatsun Mokhotlong, ya ƙetare iyaka, ya shiga ramin zinariya a Welkom. Ya fito yana da hamsin da bakwai, da tari wanda ba ya jin magani, da ɗan kuɗin sallama wanda rufin kwano da makarantar 'yarsa Lineo suka lashe cikin wata huɗu. Ko a jikinsa. A ganinsa ya daɗe da yin tanadin tsufa, shanunsa suna can gida suna jiransa.

A ɗakin kwanan ma'aikata ba a rasa gardamar ajiya. Wannan ya ce banki, wancan ya ce motar haya, samari kuwa sai su yi dariya su ce sai mutum ya ga tsufan tukuna. Mokhethi shi kan ce kuɗi in suna hannu kowa yana da rabo a ciki, ƙanwa za ta zo da kuka, kawu zai zo da ciwon ƙafa, amma ba wanda zai dubi tsabar idonka ya ce ka sayar da saniyarka. Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa kayar da shi a wannan magana ba.

Karsanarsa ta farko ya saye ta yana da ashirin da takwas. Kafin ya cika talatin sun zama huɗu. Da yake ba ya gida, sai ya ba da su mafisa, wato kiwon amana, ga Tseliso, yayan matarsa Malineo. Sharaɗin kowa ya san shi. Mai kiwo ya sha nono, ya yi huɗa da shanun, ya kwashi kashinsu ya hura wuta. Maruƙa na mai shanu ne. In wata ta mutu ko aka yanka, mai kiwo ya yanke kunnen da ke ɗauke da tsagar mai ita ya ajiye, don ranar da za a tambaye shi.

Yana da talatin da shida surukinsa, mahaifin Malineo da Tseliso, ya rasu. Aka rasa bijimin da za a yanka a raka tsoho da shi, dangi suka yi cirko-cirko a bayan ɗaki ana ƙus-ƙus. Mokhethi ya zo da sabon bargo a kafaɗa da takalman birni, ya miƙe a gaban jama'a.

"Muddin ina numfashi, ba za a binne ɗan gidan nan ba tare da an yanka sa ba," in ji shi. "Yaya Tseliso, duk ran da aka yi rashi kada ka tsaya jirana. Ka shiga cikin nawa ka kama."

Dattawa suka jinjina kai, aka yi ta yabonsa har ya hau mota. Yabon ya riƙe shi da kyau. Maganar ce bai sake juya ta a ransa ba.

Hutunsa na shekara a Kirsimeti yake faɗowa, kwana goma sha biyu. A wannan lokaci kuwa shanun ƙasarsu duk suna can ƙolin duwatsu wajen ciyawar damina, tafiyar kwana biyu a kan doki. Saboda haka ba ya ganinsu. Kuma ina mutum zai zauna a gidan yayan matarsa, an kawo masa tuwon masara da nono, ya buɗe baki ya ce shanuna nawa ne? Ai ya kira shi ɓarawo ke nan. Sai dai ya ce yaya dabbobi, Tseliso ya ce suna cin ciyawa, a wuce wajen.

Lissafin a kansa yake yi, ran Lahadi yana kwance a gadon ƙarfe. Rabin matan su haihu, a cire ɗaya ta sanyi, a cire ɗaya ta ɓarayi. Da wannan lissafi yana da goma sha huɗu a shekara arba'in, ashirin da takwas a hamsin. Yakan gaya wa samarin ɗakin cewa duk wanda ya kai arba'in bai tara goma ba ya yi wasa da ƙuruciyarsa.

Cikin waɗannan shekaru ne cutar ƙanjamau ta yi ta ɗibar matasa, kusan kowace Asabar sai an tona rami a ƙauyen. Saƙo yakan iske shi, ya aika da ta'aziyya da ɗan abin da ya samu, ya sa hular ƙarfe ya koma ƙarƙashin ƙasa. Bai taɓa tambayar bijimin wa aka yanka ba. Malineo tana zuwa kowace jana'iza, ita ke wanke kayan cikin, ta san tsagar kunnen mijinta sarai. Sau biyu ta ɗauko zancen, sau biyu ya katse ta, ya ce shanu ba maganar mata ba ce. Ta ja bakinta ta yi shiru, shirun nan kuwa ya kai shekara goma sha biyar.

Ya dawo gida gaba ɗaya a watan Yuni, lokacin sanyinsu, ƙanƙara ta rufe duwatsu, shanu sun sauko gari. Ya tsara komai: ya sayar da biyu kowace shekara, abin da ya rage ya ci gaba da haihuwa, shi ke nan har ƙarshen rai. Ya hau doki ya tafi gidan Tseliso yana tsayawa yana tari a hanya, da arba'in a ransa.

Bakwai ya tarar a garke. Lafiyayyu ne, an kula da su, amma bakwai ne. Ya tsaya yana duban bayan katangar dutse ko akwai wani garken.

Tseliso ya juya. Ya shiga ɗaki ya fito da wata doguwar waya da aka shirya busassun kunnuwa a jikinta, ya zauna a kan dutse, ya ɗora ta a cinya. Ya riƙa taɓa su ɗaya-ɗaya yana kiran suna. Wannan na tsoho. Wannan na Palesa 'yar ƙanwarmu. Wannan na mijinta, wata biyar tsakani. Waɗannan uku sanyi ya kashe su a shekarar babbar ƙanƙara. Wannan na mahaifiyarka, ai kana nan, ka ci naman. Ashirin da shida ne, bai yi tuntuɓe a kan ko ɗaya ba. Da bijimai suka ƙare sai aka shiga matan, shi ya sa haihuwar ta tsaya.

"Yaya, ko ka aiko mini da saƙo?" in ji Mokhethi.

"Kai ka ce kada in jira ka, suruki. A gaban mutane ka faɗa."

"Sau ɗaya na faɗa."

"Sau ɗaya ya isa. Ba ka janye ba."

Abin haushin shi ne babu wanda zai kama. Ba a cuce shi ba, ko kofato ba a ɓoye masa ba. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ya ji tsoro, don ya san ƙirjinsa ba zai sake ɗaukar aikin kowa ba.

Ran Litinin ya je gaban mai gari, ya sa aka kira shaidu, ya ce ya janye maganarsa daga yau. Ya kora bakwai ɗin zuwa gidansa. Da tafiyarsu gidan Tseliso ya rasa nono, ya rasa abin hura wuta, ya rasa abin huɗa, bayan shekara ashirin da bakwai yana bin su a kan dutse. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce kayan mutum kayansa ne.

Da sanyi ya zagayo, ciwon haƙarƙari ya kwantar da Tseliso, a kwana na tara ya rasu. Ba shi da ko maraƙi. Malineo ta sami mijinta a bakin garke yana shan hantsi, ta durƙusa, abin da rabonta da yi tun tana amarya.

"Baban Lineo, ɗaya kawai. Shi ya yi kiwonsu."

"Na janye a gaban mai gari."

"Mai gari ba zai ce komai ba."

"In na ba da wannan, na gaba ma za a zo. Mu kuma mu ci me?"

Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta tafi gidansu. Aka binne Tseliso da tumaki biyu da kabeji. Mokhethi ya je, ya zauna cikin dattawa, aka kawo masa nasa kason ya ci. Kowa ya gaishe shi da ladabi, ba wanda ya ɗaga masa murya.

A watan Oktoba ruwa ya sauka. Yana da shanun huɗa, amma ba ya iya bin garma taki ashirin sai ya dafa gwiwa. Ya sa Malineo ta dafa giyar dawa tulu uku, ya aika gida-gida cewa akwai gayya a gonarsa ran Alhamis. Kowane gida aka amsa da to.

Ran Alhamis ya ɗaura wa shanun karkiya tun da sassafe, ya zauna a bakin gona. Rana ta ɗaga, ta take tsaka. Yana hango mutane a gonakinsu, wasu da fartanya suke sara don ba su da abin ja. Da la'asar Malineo ta zo ta tsaya a kansa, ta dubi tulunan da ba a buɗe ba, ta ce ya kwance dabbobin nan su sha ruwa, tun safe suke tsaye.