Mani da jirgin da bai iya sallama ba

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Dogon Dutsi ya san muryar Mani magini tun kafin ya san fuskarsa. Ba ya taka tsani sai ya tsaya ya cika ƙirji: "Matan gida, a kimtsa! Za a hau soro!" Makewayinmu ba rufi, kuma daga saman soro ana ganin tsakar gidan kowa. Haka ya yi aikinsa tun muna ƴan mata, ba mace ɗaya da ta taɓa cewa idonsa ya sauka inda bai kamata ba.

Shi ya rufa mana magaza, ɗakin da mu matan ƙungiya muke ajiye hatsinmu. Daga baya ya faɗo daga wani gini a Matankari, ƙugu ya goce. Masu kiransa aiki suka ɗauke ƙafa, har waɗanda yake yi wa yaɓe kyauta. Mutanen banza!

Bana damana ta yi nauyi, bangon magaza ya tsage. Ko a kwashe hatsi, ko a bar shi, ba wanda ya sani, kuma ba namijin da ya yarda ya hau ya duba. Sai Jamila, ɗiyar ƙanen Mani, wadda ta karanta aikin gini a Yamai, ta zo da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto.

Kuskurenta ɗaya: ta tada shi ba sanarwa. Sahura maƙwabciyarmu tana wanka ta ji ƙugi bisa kanta, ta kurma ihu. Maza suka fito da duwatsu. Sha'ibu mai shago, wanda ko buhu ɗaya bai taɓa ɗaukar mana ba, shi ne a gaba.

"Wanga abu haramun ne! Leƙen matan mutane!"

Na ce, "To Malam Sha'ibu, ga tsani, hau ka dubo muna."

"Ni ɗan kasuwa ne, Hajiya."

"Ai na gani."

Amma gaskiyar Sahura ce, kuma Jamila ta sani. Ta naɗe kayanta tana shirin komawa. Mani ya dogaro sanda ya iske ta.

"Ke ɗiyata, jirgin naki yana da baki?"

"Ba shi da, Baba."

"To ni ba ni da ƙafa. Tada shi gobe."

Da hantsi ya bi gida-gida, yana ɗingishi, ya yi wa kowa bayani. Sannan ya tsaya gindin magaza ya saki muryar nan da muka daɗe ba mu ji ba. Mata suka amsa daga bayan katanga: "An kimtsa, Baba Mani!"

Jirgin ya kewaya ginin. Jamila ta haɗa hotunan cikin ordinatar, wato kwamfuta, sai ga magazarmu sukutum, tana juya ta kamar ƙwarya a hannu. Ta nuna wani wuri a tsakiyar rufi da ya lotsa, ruwa na kwanciya yana cin azara.

Mani ya daɗe yana kallo.

"Nan ni na aza ta. Na ɗauka za ta kai jikokina."

"Baba, ta yi shekaru..."

"Bar lallashi. Ku kwashe hatsinku yau."

Muka kwashe, a ka, mu mata. Ruwan da ya biyo baya ya rufta da tsakiyar soron, a kan daɓe fayau.

Yanzu duk inda aka kira Jamila duba gini, har Dumega, tana ɗaukar Mani a bayan moto, wato babur ɗinta. Jirgin ba ya tashi sai ya yi kira, an amsa masa.