Damin Da Na Mayar

Gonar mahaifina ce, ni ta faɗo wa a rabon gado. Tana arewa da Ungogo, da ɗorawa biyu a gefenta na gabas. Shekarar da mijina ya rasu ba ni da mai nome ta, sai na ba maƙwabcinmu aro a gaban mai unguwa. A wajenmu wanda aka ba aro yakan kai wa mai gona damin gero ɗaya duk kaka. Damin ba ya ƙosar da kowa. Amfaninsa a ɗauko shi a ka da rana tsaka, a ratsa gari da shi, kowa ya ga gonar wa ake nomawa.

Shekara uku yana kawowa, sai fari ya zo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, mata suna dafa ganyen tafasa ba ko gari. Maƙwabcin ya shigo min da wani ɗan dami da bai fi tsintsiya ba, idonsa duk ya faɗa. Na san baki tara ne a gidansa. Na ce, "Malam, mayar wa yara, sai shekara ta yi kyau." Ya durƙusa har da hawaye.

Shekara ta yi kyau, bai kawo ba. Ta sake yi, shiru. Ni kuma kunya ta hana ni aike. Mutumin da kuke gaisawa ta kan danga safe da yamma, da wane baki za ki bi shi da zancen dami?

Birni ya yi ta matsowa, aka fara yanka gonaki filoti-filoti. Wata safiya na je duba ɗorawa, na tarar an kafa turakun siminti a tsakiyar gonata. Maƙwabcin nawa, wanda yanzu ake ce wa Alhaji, ya dube ni ido cikin ido ya ce ai kyauta na ba shi.

Na kai ƙara. Ranar zama aka ba shi benci a gaba, ni aka tsayar da ni a bakin ƙofa. Alƙali ya tambaye shi iyali, ya bar shi ya yi ta zuba har ya gaji don kansa. Sannan ya waiwayo ni.

"Inna, tambaya ɗaya ce. Shekara nawa rabonki da karɓar dami?"

"Allah gafarta Malam, bari in faro daga shekarar fari."

"Nawa na ce?"

"Goma sha ɗaya. Amma ni da kaina na..."

"Rubuta, goma sha ɗaya," ya ce wa magatakarda. "Wadda ta ga ana nome gonarta shekara goma ta yi shiru, ta sallama ke nan."

"Mai unguwar da aka yi aron a gabansa yana waje. Ba ya iya tafiya, ɗauko shi aka yi."

"Ba tatsuniya muka zo saurara ba. Gonar nan mai ɗorawa biyu ta gabas..."

Nan na ɗaga kai. Ban yi makaranta ba, amma kunnena ba ya zubar da magana. Tun da aka zauna ba wanda ya ambaci ɗorawa, ko ni ko Alhaji.

Na ce, "Malam, wa ya gaya maka biyu ce? Yaushe ka je?"

Alhaji ya shiga gyara hularsa. Alƙali ya ce na raina kotu, masinja ya kama gefen mayafina ya fitar da ni. Muna zaune a ƙasa ni da mai unguwa aka karanta hukunci a ciki. Tsohon yana ta tambayata, "An kira ni? Ni ake kira?" Kafin a sa ranar ɗaukaka ƙara ya rasu, da shaidarsa a bakinsa.

An sare ɗorawar duka biyu, an yi gida mai ƙofar ƙarfe a gurbinsu. Mutane suna cewa na ƙanin matar alƙali ne. Wannan ban gani ba, ba zan rantse ba. Abin da kunnena ya ji a kotu kuwa, da shi za a binne ni.

Tunda shiru aka ce ya cinye min gona, na daina shi. Duk kaka, ranar da aka fara shigo da gero gari, nakan tsaya a ƙofar gidan Alhaji lokacin da majalisarsa ta cika, in ɗaga murya: "Na zo karɓar damin gonar ubana." Ba ya fitowa. Bara jikarsa ta leƙo ta ce, "Iya, ba kya gajiya?" Na ce ta koma ta gaya masa na zo, kuma mutum bakwai sun ji.