Tsakin Inna da mussar da na kawo

Ɗazu ina alwala sai ga 'yar jar tsuntsuwar nan da muke kira baiwar Allah ta sauka bakin butata. Na tsaya da ruwa a hannu. Inna ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙan ta.

A gidanmu na Dogarawa, kullum in ta gama daka sai ta watsa tsakin hatsi gindin turmi. Sadakarta ke nan. Tsuntsayen nan su yi ta saukowa, har cikin bunun ɗakinta suke sheƙa.

Bayan farin shekarar tamanin da huɗu, ɗan hatsin da muka samu ɓeraye suka sa shi gaba. Ni na kawo mussa daga Ƙonni, wata kyanwa fara. Ta share ɓerayen rumbu tas, muka yi ta yabon ta.

Wata rana da hantsi na iske Inna durƙushe bayan turmi, tana tsintar jan gashin tsuntsu.

Na ce, "Inna, halin mussa ne, ba laihin kowa ba."

Ta ce, "Ɗan nan, ni suka amince ma. Ni ka kiran su, ita tana ci."

Daga ranar ba ta sake watsa tsaki ba. Waɗanda suka rage sun yi ta zuwa suna iske ƙasa a share, har suka daina.

Mussa ta tsufa ta mutu. Su tsuntsayen ba su dawo ba, har Inna ta bar duniya.

Jama'a, ku gaya mini, wa ya raba Inna da sadakarta, mussa ko ni?